Daga Yaron Inji Zuwa Ofareta: Nazarin Gurbin Ƙungiya a Koyon Sarrafa Manyan Injuna a Kirikasamma

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyar da matashi yake bi kafin ya zama mai sarrafa manyan injuna, irin su tarakta da katafila da injin haƙa, a yankin Kirikasamma da ke fadamar Kogin Haɗeja. An kwatanta tsare-tsare uku: koyon sana'a na gargajiyar Bahaushe, da koyon da ake yi a yau a hannun maigida, da kuma koyon da ƙungiyar ƙwadago take ɗaukar nauyinsa kamar yadda ake yi a Amurka. Nazarin ya nuna cewa tsarin maigida da yaronsa yana samar da gwanaye, amma ya rasa abu guda da sana'o'in gado suke da shi, wato hukumar da za ta tsaya wa mai koyo, ta ƙayyade masa wa'adi, ta kuma shaidi ƙwarewarsa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa ƙungiyar masu sana'ar ce ta fi cancanta da ta gaji wannan gurbi.

Fitilun Kalmomi: koyon sana'a, ƙungiya, manyan injuna, yaye, Kirikasamma

1.0 Gabatarwa

Nazarin sana'o'in Hausawa ya daɗe yana karkata ga ƙira da jima da saƙa da rini da fawa da su. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a cikinsu ne aka fi ganin al'ada da sarauta da adabin baka. Sai dai kuma akwai sana'o'in da suka zo da baƙi, suka zauna, har suka ari tsarin zamantakewar Bahaushe suka yafa. Sarrafa manyan injuna yana daga cikinsu. Mai wannan sana'a yana da maigida, yana da yara, yana da kalmomin da sai ɗan hannu yake gane su, yana kuma da ranar da aka yaye shi.

An zaɓi Kirikasamma ne saboda rayuwar mutanenta ta rataya a kan ruwa da ƙasa, kuma a yau duka biyun da inji ake sarrafa su. Hanyar da aka bi ita ce ta kwatanci: an jera abin da aka sani game da sana'ar gado, da abin da dokokin Nijeriya suka tanada, da tsarin ƙungiyar ƙwadago ta wata ƙasa, domin a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

2.0 Kirikasamma da Buƙatar Manyan Injuna

Kirikasamma tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, a Jihar Jigawa wadda aka ƙirƙiro a 1991. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kuma noma da su da kiwo su ne ginshiƙan rayuwarsu. A yankinta ne dausayin Baturiya yake, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Bayan Kogin Haɗeja ya wuce birnin Haɗeja, yakan rarrabu zuwa rassa, ciki har da tsohon kogin da Marma da Burum Gana, kuma waɗannan rassa ne suke shayar da fadamun da ake noma shinkafa da alkama da kayan lambu.

Madatsun ruwa biyu da aka gina a ƙasar Kano sun sauya ɗabi'ar kogin: Tiga a 1974 da Challawa a 1992. A da, kogin yakan cika da damina ya janye da rani, har wasu rassansa su ƙafe. Da aka koma sakin ruwa kusan duk shekara, sai ciyawar kacala ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwa ya riƙa malala inda ba a buƙatarsa yana ƙaurace wa inda ake jiransa. Ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona. Al'ummomin yankin sun daɗe suna yin gayya da lauje da adda domin buɗe hanyoyin ruwa, amma aikin ya fi ƙarfin hannu. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ƙara fito da buƙatar yashe kogi da ɗaga jinga.

A ɓangaren noma ma haka abin yake. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take kula da aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja, wanda aka sake gyarawa aka buɗe a Auyo a farkon 2023. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na gwamnatin tarayya a yankin Haɗeja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana buƙatar inji, kowane inji kuma yana buƙatar hannun da ya san shi. Tambayar ita ce: daga ina wannan hannu yake fitowa, kuma wa yake shaidar ya ƙware?

3.0 Kalmomin Sana'ar

Yawancin kalmomin sana'ar na aro ne daga Ingilishi, an kuma daidaita su da tsarin sautin Hausa ta hanyar saƙala wasali tsakanin baƙaƙe da kuma rufe kalma da wasali. Haka aka sami tarakta da gireda da buldoza da rola da tifa da giris. Kalmar katafila ta fi jan hankali, domin asalinta sunan kamfanin Caterpillar ne na Amurka, wanda aka kafa a 1925, amma Bahaushe ya faɗaɗa ma'anarta ta game kusan duk wani inji mai tafiya a kan sarƙa, ko da wane kamfani ne ya ƙera shi. Wasu kalmomin kuwa na gida ne aka ba su sabon aiki, kamar garma da ake kiran abin huɗar da tarakta take ja, da baƙin mai, da sarƙa.

Abin lura shi ne, kalmomin kayan aiki ne suka zo daga waje. Kalmomin dangantaka kuwa, wato maigida da ubangida da yaro da yaye, na Hausa ne tsantsa. Ko kalmar oga da ta shigo daga kudu, a kan ma'anar maigida ta zauna. Wannan yana nuna cewa injin baƙo ne, amma tsarin da ake koyonsa na gida ne.

4.0 Koyon Sana'a a Gargajiyar Bahaushe

M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayi a zamantakewar Hausawa, ya bambance sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da kansa, wato abin da ake kira gado da haye. A sana'ar gado, yaro yana buɗe ido ya ga mahaifinsa a maƙera. Yakan fara da zuga, ya koma riƙe ƙarfe da awartaki, kafin a ba shi masaba. Babu takarda, amma akwai shaida, domin gari duka ya san gidan da ya fito.

A saman iyali kuma akwai sarautar sana'a: Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Magina da Sarkin Ruwa. Aikin Philip Jaggar kan maƙeran birnin Kano ya bayyana irin rawar da wannan shugabanci yake takawa tsakanin masu sana'a da fada. Idan aka tattara ayyukan sarkin sana'a za a ga guda huɗu: karɓar baƙon da yake son shiga, da sasanta rikici, da tsawatar wa mai ha'inci, da kuma tsayawa a madadin 'yan sana'a idan hukuma tana da babban aiki. Saboda haka mai koyo yana da wanda zai kai wa kuka idan maigidansa ya zalunce shi, mai ba da aiki kuma yana da wanda zai tambaya kafin ya damƙa amanarsa.

5.0 Matakan Zama Ofareta a Yau

Sarrafa inji sana'ar haye ce ga mafi yawan masu yin ta. Yadda ake shiga ya yi kama da na yaron mota: uba ko yaya ko wani dattijo yakan kai matashi wurin ofareta ya ce ga amana. Daga nan akan bi matakai huɗu, ko da yake ba a rubuce suke ba.

5.1 Matakin Hidima

Yaro yakan fara da wankin inji da ɗebo man gas da kwana a gona ko a bakin aiki domin gadi. A nan yake koyon duban safe: baƙin mai, da ruwan lagireto, da man haidirolik, da kakkaɓe matatar iska, da ɗura giris a kowace gaɓa. A yankin da ƙurar hunturu da lakar fadama suke cin ƙarfe, wannan mataki shi ne rabin sana'ar.

5.2 Matakin Kallo da Taimako

Sai ya koma ɗaura garma ko haro a bayan tarakta, da yi wa maigida ishara idan zai ja da baya, da auna gona da igiya ko da taku domin lissafin kuɗin aiki. A nan kunnensa yake sabawa da kukan inji, har ya iya bambance lafiyayyen sauti da wanda yake nuna matsala.

5.3 Matakin Karɓar Kujera

Yawanci da yamma ne, bayan maigida ya gaji, ake barin yaro ya kewaya fili ko ya ƙarasa kunyar ƙarshe. Sannu a hankali ake barinsa da gona guda. Gwaninta a fadama tana bayyana ne wajen daidaita ƙasa, domin fangalin shinkafar da bai daidaita ba, gefe guda zai nutse, gefe guda ya bushe. Mai injin haƙa kuwa dole ya san ƙasar da za ta ɗauki nauyin injinsa da wadda za ta haɗiye shi, ya kuma san cewa jinga hawa-hawa ake ɗaga ta ana dannewa, in ba haka ba ruwan farko zai ɓalle ta.

5.4 Matakin Yaye

Yaye yana zuwa ne a lokacin da maigida ya ga dama, ko lokacin da wani mai inji ya nemi a ba shi direba. Akan yi addu'a, a sa albarka. Abin da yaro yake fita da shi shi ne sunan maigidansa.

Wannan tsari yana da fa'idodi bayyanannu. Ba ya buƙatar kuɗin makaranta ko takardar sakandare, ana koyo a kan ainihin aiki, kuma yana tafiya da tarbiyya. Rauninsa ma a fili yake. Ba shi da wa'adi, don haka maigida yana iya riƙe yaro shekaru saboda arhar hidimarsa. Ba shi da manhaja, don haka yaro yakan gaji kurakuran maigida tare da gwanintarsa. Ilimin kariya ma sai abin da aka tsinta, alhali haɗurran sana'ar sanannu ne: kifewar tarakta a gefen jinga, da tashin gabanta idan aka ɗaura abin ja a sama da inda ya dace, da sandar juyi ta bayanta da take naɗe riga ko rawani, da taɓa wayar lantarki da hannun injin haƙa. A ƙarshe, sunan maigida yana da iyakar inda yake kaiwa. Yana iya samar wa yaro aiki a Haɗeja ko Guri, amma ba zai wadatar ba a gaban kamfanin da ya zo da kwangilar yashe kogi yana neman takarda.

6.0 Abin da Doka ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 49 zuwa na 53, ta yi bayanin yarjejeniyar koyon sana'a: a rubuta ta, jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita, kuma kada wa'adinta ya wuce shekara biyar. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, daga na III zuwa na I. Lasin tuƙi ma ya ware aji F domin tarakta da injunan noma, da aji H domin injunan ture ƙasa. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, da aka kafa a 1971, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa wadda take da shirin tura matasa wurin masu sana'a. Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE take jagoranta ya ma buɗe ƙofar auna gwanintar da mutum ya samu a wajen makaranta.

Ashe ke nan doka ba ta yi shiru ba. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin ofis da fadama. Yaron da yake kwana a gindin tarakta ba shi da wanda zai riƙe hannunsa ya kai shi inda waɗannan tanade-tanade suke.

7.0 Ƙungiyoyi a Nijeriya

An sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago na Nijeriya a 1978, shekarar da aka kafa NLC a sigarta ta yanzu. Daga cikin ƙungiyoyin da suka fito akwai NURTW ta ma'aikatan sufuri, wadda ita ce Bahaushe ya fi sani da sunan yuniyon. Ma'aikatan manyan kamfanonin gine-gine suna ƙarƙashin ƙungiyar NUCECFWW, wadda take tattauna albashi da sharuɗɗan aiki da masu kamfanoni. A fagen noma kuwa akwai ƙungiyoyin masu tarakta irin su TOOAN da TOHFAN, waɗanda suka fi mayar da hankali kan mallakar inji da bayar da hayarsa.

Idan aka auna ƙungiyoyin masu abin hawa na garuruwa da ayyuka huɗu na sarkin sana'a, za a ga sun riga sun gaji uku: suna yi wa sabon shiga rajista, suna sasanta rikici, suna kuma magana da hukuma. Suna ma da asusun taimakon juna na biki da rashin lafiya. Abin da bai shiga hannunsu sosai ba shi ne horarwa da shaidar ƙwarewa. Katin ƙungiya yana nuna cewa mutum ɗan ƙungiya ne, amma ba ya faɗin injin da ya iya ko tsawon lokacin da ya yi a kansa.

8.0 Tsarin Amurka a Matsayin Madubi

A Amurka da Kanada akwai ƙungiyar masu sarrafa manyan injuna da ake kira IUOE, wadda aka kafa a 1896. Dokar koyon sana'a ta Amurka ta 1937 ce ta ba da ginshiƙin tsarin da rassanta suke bi. Kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiya da 'yan kwangila ne yake ɗaukar masu koyo, kuma ana tara kuɗin horarwa daga wani kaso da masu ba da aiki suke biya a kan kowace awar da aka yi. Koyon yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Mizanin da aka saba da shi shi ne kimanin awa 2,000 na aiki a shekara, da aƙalla awa 144 na darasi. Mai koyo yana karɓar wani kaso na albashin gwani tun daga farko, ana kuma ƙara masa a kowane mataki. Rassan ƙungiyar suna da filayen horo da injunansu, inda mai koyo zai yi kuskure ba tare da ya ɓata aikin kowa ba.

Ba za a iya ɗauko wannan tsari ɗungurungum a dasa a Kirikasamma ba. Can aikin albashi ne na manyan kamfanoni, nan kuwa aikin lokaci ne, na mutum mai tarakta ɗaya ko biyu, wanda yake bin damina da rani. Darasin da ya dace a ɗauka shi ne na rabon nauyi: gwani yana koyarwa, amma ƙungiya ce take riƙe da lissafi, ita take yanke lokacin ƙarin matsayi, ita kuma take shaida. Mai koyo ba ya rataye a kan ra'ayin mutum guda. Wannan kuwa ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe, domin shi ne ainihin aikin sarkin sana'a.

9.0 Sakamako da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, sarrafa inji ya ari dangantakar maigida da yaro daga gargajiya, amma bai ari hukumar da take sa ido a kanta ba. Na biyu, dokokin ƙasa sun tanadi shaida, sai dai babu gadar da ta haɗa su da mai koyo. Na uku, ƙungiya ce kaɗai take da rajistar 'yan sana'a da amincewarsu da kuma fuska a wurin hukuma. Bisa haka ake ba da waɗannan shawarwari:

i. Ƙungiya ta riƙa rubuta sunan kowane yaro ranar da aka kawo shi, a gaban waliyyinsa, tare da wa'adin da aka amince da shi.

ii. A ba kowane mai koyo ɗan littafi da Hausa, na boko ko na ajami, inda za a riƙa rubuta injin da ya hau da kadadar da ya yi da irin aikin.

iii. Kada yaye ya tsaya a kan maigida shi kaɗai. Gwanaye uku da ba su koyar da yaron ba su gwada shi a fili.

iv. A yi amfani da lokacin da aiki ya yi sauƙi a shirya darussan kariya da na sanin inji, tare da haɗin gwiwar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja.

v. Ƙungiya ta riƙa kai waɗanda aka yaye a dunƙule domin gwajin sana'a da karɓar lasin aji F ko H.

vi. Hukumomin da suke ba da kwangilar yashe kogi da gyaran hanyoyin ruwa su shardanta ɗaukar masu koyo daga garuruwan da aikin ya ratsa.

vii. Masana Hausa su tattara kalmomin sana'ar daga bakin masu ita, domin manhajar da ba ta yi magana da harshen bakin aiki ba, a kan kanta za ta ƙare.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun mai koyon sarrafa manyan injuna daga wankin inji zuwa yaye, ta kuma auna tafiyarsa da sana'ar gado da dokar ƙasa da tsarin ƙungiyar Amurka. An ga cewa gwaninta tana nan a fadamar Haɗeja, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai shaidarta. Yashe kogi ba aikin shekara ɗaya ba ne, domin kacala tana dawowa, laka ma tana sake taruwa. Muddin haka ne, garuruwa irin su Kirikasamma za su ci gaba da buƙatar masu inji, kuma ko dai su fito daga cikin 'ya'yansu ko a riƙa kawo su daga nesa duk lokacin da ruwa ya yi barazana. Akwai sauran fage ga manazarta, musamman tattara tarihin baka na tsofaffin direbobin katafila da suka yi aiki a madatsun Tiga da Challawa, da nazarin kirari da zaurancen da masu wannan sana'a suke amfani da su a bakin aiki.